Hannu Cikin Ruwan Sanyi: Yadda Matuƙan Kayak Ke Tsare Yatsunsu, da Abin da Ya Shafi Mutanen Damagaram

Duk lokacin da hunturu ya kankama, akan ga gajerun bidiyoyi suna yawo a WhatsApp da TikTok na mutanen ƙasashen sanyi suna tuƙa ƴan ƙananan jirage a tsakanin ƙanƙara, ruwa yana fantsama musu a hannu, su kuwa suna ci gaba da tuƙi kamar ba abin da ya dame su. A nan Damagaram, inda alwalar asuba a watan Janairu kaɗai ta isa ta sa yatsu su yi tsami, irin waɗannan hotuna sukan jawo gardama a majalisu. Wasu suna cewa sabo ne kawai, wasu suna cewa jikin Bature daban yake, wasu kuma suna cewa sirrin yana cikin kayan da suke sawa. Kowane ɓangare yana da ɗan abin da ya kama na gaskiya, amma babu wanda ya kama ta gaba ɗaya.

Gari irin namu, da ba shi da kogi, wanda ruwan sha ma sai an yi fama, ba nan ne za a yi tsammanin wasan jirgi ba. Duk da haka maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Akwai masunta da masu lambu a jihar nan da hannayensu ke wuni cikin ruwa a tsakiyar ɗari, akwai kuma ƴaƴanmu da ke tafiya karatu ko neman abinci Faransa, Kanada, Rasha da Turkiyya, inda sanyin ruwa ke iya kashe mutum.

Mene ne kayak, kuma me ya sa hannu ya zama matsalarsa

Kayak ɗan siririn kwale-kwale ne mai rufaffen sama, wanda mutum ke zama a cikinsa ya miƙe ƙafafu, yana tuƙi da filafili mai baki biyu, ɗaya a kowane ƙarshen sanda. Asalinsa na al'ummar Inuwit ne da maƙwabtansu a Girinlan, arewacin Kanada da Alaska, waɗanda suke ƙera shi da itace ko ƙashi, su lulluɓe shi da fatar dabbar teku da ake kira sil, su fita farauta da shi. Daga baya ya zama wasa, har ya shiga gasar Olamfik a hukumance a birnin Balin na Jamus a 1936.

Bambancinsa da kwale-kwalen masunta shi ne matuƙin kayak yana zaune dab da fuskar ruwa, kuma duk lokacin da ya ɗaga baki ɗaya na filafilin sama, ruwan da ya kwaso yana gangarowa ta sanda zuwa hannunsa. Sauran jikinsa yana iya kasancewa a rufe ruf, ƙafafu a cikin jirgi, ƙirji a cikin rigar da ruwa ba ya ratsawa, amma hannu dole ya zauna a waje yana aiki. Aikin kuwa bai tsaya ga tuƙi ba. Idan jirgin ya kife, da hannu ne mutum zai laluba madaukin marufin da ya ɗaure shi da bakin jirgin, ya ja, ya fito. Da hannu zai riƙe jirgin kada iska ta raba su, da shi zai hau ya koma ciki, da shi zai danna waya ya nemi agaji. Shi ya sa masu koyar da wasan ba sa ɗaukar sanyin hannu a matsayin rashin jin daɗi kawai. Suna ɗaukarsa a matsayin lalacewar kayan ceton rai.

Abin da ke faruwa a cikin hannu

Zafin cikin jikin ɗan Adam yana tsayawa ne kusan digiri 37 a ma'aunin Selsiyus, kuma idan ya sauka ƙasa da 35 likitoci suna ɗaukar mutum ya shiga haɗari. Domin kare wannan zafi, da zarar fata ta ji sanyi sai ƙwaƙwalwa ta ba da umarni ƙananan hanyoyin jini na hannu da ƙafa su tsuke, jini mai ɗumi ya koma ya tsare zuciya, huhu da ƙwaƙwalwa. Wato jiki da kansa ne yake sadaukar da yatsu domin ya tsira da abin da ya fi su muhimmanci. Yatsu kuwa sirara ne, fatarsu tana da yawa idan aka kwatanta da namansu, kuma ba su da tsokar da za ta samar musu da zafi, don haka ɗuminsu kusan duka jini ne ke kawo shi. Da an rage jinin, sai su huce da sauri.

Masu bincike sun daɗe da auna matakan wannan hucewa. Idan zafin fatar yatsa ya sauka zuwa wajen digiri 15, ayyuka masu bukatar ƙwarewa kamar ɗaure igiya, jan zif ko danna maɓalli suna fara gagara, kuma a nan ne zogi yake tsananta. Idan ya kai wajen digiri 8, jin taɓawa yana ɗaukewa, mutum ya riƙe abu bai san ya riƙe ba. Dalilan suna haɗuwa ne: jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa suna rage gudu, ruwan da ke cikin gaɓoɓi yana yin kauri, tsoka kuma tana rasa ƙarfi.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Yawancin ƙarfin riƙo ba daga yatsu yake fitowa ba, daga tsokokin da ke tsakanin gwiwar hannu da tsintsiyar hannu yake, waɗanda ke jan yatsu ta hanyar dogayen agara. Saboda haka wanda ya rufe tafin hannunsa da kyau amma ya bar wannan sashe a jiƙe yana shan iska, zai tarar riƙonsa ya yi rauni duk da tsadar safar da ya saya.

Ga wanda ya faɗa cikin ruwan gaba ɗaya, Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya yaɗa wani ƙiyasi mai sauƙin riƙewa. Minti 1 na farko na kokawa da numfashi ne, domin ruwa mai tsananin sanyi yana sa mutum jan numfashi ba da son ransa ba. Sai kamar minti 10 da hannaye da ƙafafu za su iya yin aiki mai amfani. Sai kuma kusan awa 1 kafin hucewar jiki ta gusar da hankali, idan mutum yana sanye da rigar ceto da ke riƙe shi a saman ruwa. Ƙiyasi ne, yana bambanta gwargwadon sanyin ruwa da jikin mutum, amma ya nuna abin da ya fi muhimmanci a wannan batu: hannu yana daina aiki tun da daɗewa kafin sanyi ya kai ga zuciya, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake cewa sanyi ya kashe su, nutsewa suka yi bayan hannayensu sun kasa riƙe komai.

Ruwa, iska da sandar da ke hannu

Hanya ta farko da hannu ke rasa zafi ita ce ruwan kansa. Ruwa yana janye zafi daga fata kusan sau 25 fiye da iskar da ke tsaye mai irin sanyinsa. Wannan ne ya sa mutum zai iya zama a waje cikin iskar digiri 10 da ƴar riga, amma ya kasa barin hannunsa cikin ruwan digiri 10 na ɗan lokaci.

Hanya ta biyu ita ce bushewar ruwa a kan fata, kuma ita ce ta fi kusa da rayuwarmu. Kowa ya san yadda randa ke sanyaya ruwa: ruwan da ya tsattsafo ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafin na ciki. Hannun da ya jiƙe aka ɗaga shi cikin iska haka yake zama. Zafin da ruwa ke ɗauka kafin ya bushe ya ninka fiye da sau 5 na zafin da ake bukata a ɗaga wannan ruwa daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Matuƙin kayak kuwa yana maimaita wannan abu ne a kowane bugun filafili, hannu ya jiƙe, ya tashi sama, iska ta busar da shi, ya sake jiƙewa.

Hanya ta uku sandar filafilin ce. Alminiyam yana jan zafi kusan sau 1,000 fiye da itace, saboda haka filafilai masu araha da ake yi da shi suna zuƙe ɗumin tafin hannu, masu tuƙin hunturu kuma sukan koma ga na itace ko na zaren gilashi da na kabon. Bayan haka akwai matse sanda da ƙarfi, wanda sabon shiga ke yi saboda tsoro, yana ƙara toshe ɗan jinin da ya rage. Ƙwararru sukan buɗe yatsun hannun da ke turawa a kowane bugu domin jini ya samu hanya, sukan kuma sa ƴan zobban roba a sandar domin tare ruwan da ke gangarowa.

Saɓanin masu wasan kan abin da za a sa wa hannu

A nan ne ra'ayoyi suka rabu, kuma rabuwar tana da tushe, domin duk abin da ya ƙara wa hannu ɗumi yana rage masa wani abu na iya aiki.

Ɓangare na farko masu safar niyofirin ne, wata roba mai ƙananan kumfa a ciki da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1930. Ba ta hana ruwa shiga, sai dai kumfar da ke cikinta tana rage gudun fitar zafi, kuma ɗan ruwan da ya shiga yana ɗumama. Hujjar masu ita ita ce safar tana tare da hannu ko a cikin jirgi ko a cikin ruwa. Masu sukarta suna cewa mai kaurin milimita 2 ba ta isa a tsananin sanyi, mai kaurin milimita 5 kuma tana ƙara wa sanda kauri a hannu, tana tilasta wa mutum ƙara ƙarfin riƙo, har tsokoki su gaji, wani lokaci agarar tsintsiyar hannu ta kumbura. Idan kuma ta matse, ta zama ita ce ke hana jini tafiya. Wannan ya sa ake ɗinka wasu a lanƙwashe tun daga masana'anta, yadda yatsu za su zauna a kan sanda ba tare da kokawa da roba ba.

Ɓangare na biyu masu jakar filafili ne, wadda suke kira fogi. Jaka ce da ake ɗaurewa a jikin sandar, mutum ya zura hannunsa tsirara ya kama sandar kai tsaye. Tana tare iska, yatsu suna zaune wuri ɗaya suna ɗumama juna, kuma matuƙi yana jin juyin filafilinsa sarai. Da yawa daga cikin masu tsere da masu doguwar tafiya sun fi son ta, kuma a ma'aunin ɗumi lokacin tuƙi da wuya a kayar da ita. Aibinta ɗaya ne, amma babba: da zarar jirgi ya kife mutum ya saki filafili, hannayensa tsirara suke a cikin ruwa, a daidai mintunan da ya fi bukatarsu.

Akwai masu safar dunƙule, wadda yatsu huɗu ke ɗaki ɗaya, babban yatsa yana nasa. Ta fi mai yatsu biyar ɗumi, ta kuma fi ta hana aikin ƙwarewa. Ita ce zaɓin mafarautan Girinlan tun asali, waɗanda suke ɗinka ta da fatar sil, har sukan yi mata gidan babban yatsa biyu, ɗaya a kowane gefe, domin idan fuska ɗaya ta jiƙe ko ta goge a juya ɗayar. Sai kuma masu busasshiyar safa ta roba wadda ake haɗawa da hannun riga, a sa ta ulu a ciki. Tana da ɗumi sosai muddin ba ta huje ba, ƙaramin rami ɗaya kuwa ya isa ya ɓata ta.

Idan aka auna hujjojin, babu wanda ya yi nasara a kowane hali. A ƙaramin tafki mara igiyar ruwa, kusa da gaɓa, tare da abokai, jakar filafili ta wadatar. A teku ko kogi mai gudu, inda kifewa abu ne da ake sa rai, barin hannu tsirara ganganci ne, shi ya sa masu tafiya irin waɗannan wurare da yawa suke haɗa biyu, siririyar safa a hannu sannan jaka a kanta. Abin da duka ɓangarorin suka yarda da shi shi ne a gwada kayan a ruwa mara zurfi kafin a yi nisa, a tabbatar ana iya jan madaukin marufi da buɗe aljihu da su.

Wani abin da suka haɗu a kansa shi ne ɗumin hannu daga ƙirji yake farawa. Masu binciken rundunar sojan Kanada sun nuna a ƙarshen shekarun 1990 cewa idan aka ɗumama gangar jikin mutum da rigar lantarki, yatsunsa tsirara suna iya zama da ɗumi fiye da awa 2 a cikin iskar digiri 15 ƙasa da sifili. Gwajin a busasshiyar iska aka yi shi, ba a ruwa ba, amma ya tabbatar da cewa muddin jiki bai ji yana cikin barazana ba, ba ya rufe wa hannu jini. Saboda haka ƙarin riga, hula, cin abinci da shan abu mai ɗumi sukan yi wa yatsu abin da safa mai tsada ba ta yi ba. Ƴan ƙullin ɗumama hannu da ake sayarwa, masu garin ƙarfe a ciki, iska suke bukata kafin su yi zafi, kuma suna mutuwa idan suka jiƙe, don haka wurinsu busasshiyar jaka ce domin lokacin hutu.

Batun sabo

Masu cewa sabo ne ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. A 1930 likitan Birtaniya Thomas Lewis ya bayyana cewa yatsan da aka tsoma cikin ruwan ƙanƙara, bayan ƴan mintuna na tsukewa, hanyoyin jininsa sukan buɗe na ɗan lokaci, ɗumi ya dawo, sannan su sake tsukewa, haka abin ke ta zagayawa. Binciken da aka yi wa masuntan yankin Gaspe na Kanada wajen 1960 ya nuna hannayensu sun fi na sauran mutane zama da ɗumi a ruwan sanyi, kuma ba sa jin zogi kamar su. Sai dai waɗannan mutane ne da suka shafe shekaru a cikin sana'ar, kuma gwaje-gwajen da aka yi na horar da hannu cikin ƴan makonni ba su ba da sakamako iri ɗaya ba. Abin da ya fi saurin canzawa shi ne jin zafin, wato mutum ya daina jin gargaɗi alhali haɗarin yana nan.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata masu shirin tafiya su sani. Wani nazari da aka wallafa a 2009 kan sojojin Birtaniya ya gano cewa waɗanda asalinsu Afirka ne sun fi takwarorinsu fararen fata yiwuwar samun raunin sanyi a hannu da ƙafa har kusan sau 30, kuma sojojin Amurka sun lura da irin wannan bambanci tun a yaƙin Koriya. Gwaje-gwaje sun nuna cewa a matsakaici waccan buɗewar hanyoyin jini takan zo a makare kuma da rauni ga mutanen da asalinsu ƙasashen zafi ne. Wannan ba ya hana kowa shiga wasan, amma yana nufin ɗalibin da ya taso a unguwar Birni ko Zango bai kamata ya auna kansa da abokin karatunsa ɗan Kanada ba. Idan abokin ya ce siririyar safa ta ishe shi, wannan hukuncin hannunsa ne shi kaɗai.

Abin da ya shafi mutanen nan

A Damagaram ruwa ba ya daskarewa, don haka irin raunin da nama ke ƙanƙarewa ba namu ba ne. Amma daren Disamba da Janairu yakan sauka wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka, iskar kuma busasshiya ce ƙwarai, kuma a irin wannan yanayi abu mai jiƙa da iska ke kaɗawa yana iya hucewa ƙasa da digiri 10. Masuncin da ke jan koma da asuba a tafkin Gidimuni ko na Lasuri, da mai ban ruwa a lambunan Miriya da fadamun Korama, da mai wanki, da ɗan garuwa, duk suna iya kaiwa matakin da yatsu ke rasa ƙwarewa. Sakamakon a wurinsu shi ne ƙugiya ta shiga yatsa, ƙayar kurungu ta soki tafin hannu ba a ji ba sai daga baya, wuƙa ta kuɓuce, ko igiya ta suɓuce a lokacin da bai kamata ba. Likitoci sun kuma san wani rauni da ke samun hannu ko ƙafar da ta daɗe a jiƙe cikin sanyin da bai kai na ƙanƙara ba, daga digiri 15 zuwa ƙasa, wanda kan bar mutum da zogi da rashin jure sanyi na tsawon lokaci.

Darussan matuƙan kayak suna aiki a nan ba tare da kayan waje ba. Safar roba irin ta masu aikin gini ko wanke-wanke, wadda ta ɗan fi hannu girma, da ta ulu a cikinta, tana tare ruwa da iska. Busasshen ƙyalle a cikin leda domin goge hannu da zarar an fito da shi ya fi barin iska ta busar da shi. Rufe ƙirji da kai da hannun riga har tsintsiyar hannu yana gaba da komai, kuma rigar auduga da ta jiƙe gara a cire ta, domin sanyaya jiki take yi. Maƙallin ƙarfe na bokiti ko na injin ban ruwa ana iya naɗe shi da tsohuwar robar taya. Man kaɗanya da bazilin suna hana fata tsagewa, wanda amfani ne na gaske, sai dai ba sa ɗumama hannu. Taba tana tsuke hanyoyin jini, giya kuma tana sa mutum jin ɗumin ƙarya alhali jikinsa yana ƙara zubar da zafi.

Wasu mutane suna bukatar kulawa fiye da saura. Masu ciwon sikila, wanda ya yawaita a ƙasar nan, sanyi da jiƙa suna cikin abubuwan da ke tayar musu da ciwo, don haka bai dace a tura yaro mai wannan lalura aikin ruwa da sassafe a hunturu ba. Masu ciwon suga da jijiyoyinsu suka raunana ba sa jin gargaɗin sanyi da wuri. Wanda kuma yatsunsa ke yin fari fat ko shuɗi da ɗan sanyi kaɗan, sannan su yi ja da zogi idan sun ɗumama, ya kamata ya ga likita, domin alama ce ta wata lalura da likitan Faransa Maurice Raynaud ya bayyana a 1862.

Idan hannu ya riga ya mutu

Masu tafiya cikin sanyi suna da gwaji mai sauƙi: a haɗa kan babban yatsa da kan ƙaramin yatsa na hannu ɗaya. Idan hakan ya fara wuya, lokacin fita daga ruwa ya yi, tun ana iya kwance igiya da kunna ashana. A matakin farko, goge hannu, cusa shi a hammata a ƙarƙashin riga, da wulwula hannaye daga kafaɗa domin tura jini zuwa yatsu sukan wadatar.

Kuskuren da ya fi yawa a wurinmu shi ne kai hannun da ya mutu bakin wuta ko kan kaskon garwashi. Fatar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Ga wanda yatsunsa suka daskare a ƙasar sanyi, suka yi fari da tauri, ƙa'idar likitoci ita ce a tsoma su cikin ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, wanda wani mai lafiyayyen hannu zai gwada ya ji ba ya ƙuna, kada a murza su, kada a goga musu ƙanƙara, a cire zobe kafin kumburi, kuma kada a narkar da su idan akwai yiwuwar su sake daskarewa kafin a isa asibiti, domin daskarewa ta biyu ta fi ta farko ɓarna. Dawowar jini tana zuwa da zogi mai tsanani, kuma wannan ba alamar an yi kuskure ba ce. Idan ƙuraje masu ruwa suka fito, ko fata ta sauya launi, ko jin taɓawa bai dawo ba bayan hannu ya ɗumama, sai a garzaya asibiti a ranar. Idan kuma mutum yana rawar ɗari mai tsanani, maganarsa tana harɗewa ko hankalinsa yana rikicewa, matsalar ta wuce hannu, gangar jikinsa ce za a fara cire wa jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe, a kwantar da shi a hankali, a nemi ma'aikacin lafiya.